Wasiƙa daga Maradi kan tsofaffinmu

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali, yaya sanyin Faransa? Mu nan an kammala girbi, hatsi ya shiga rumbu, sai godiyar Allah.

Ka yi ƙorafin shiruna. Wani aiki ne ya riƙe ni. Mu ƴan fadarmu ta unguwar Zariya muka ga shan shayin ya isa haka, muka ware ranar Asabar don tsofaffin unguwa. Ba mu da ofis, ba mai biyanmu. Raka su muke yi inda maganarsu ba ta kai ba: likita, ma'aikatar magajin gari, gidan mai unguwa, wani lokaci har gaban alƙali.

Ka rubuto mini cewa a can mutum ɗaya cikin biyar ya haura shekara 65, kuma gidajen ajiye tsofaffi sun ba ka tausayi. Ka ce mu Allah ya tsare mu da wannan. Aminina, a nan ban bi ka ba. Gaskiya ne kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba, shi ya sa ido duk yana kan yara. Amma a 1960 tsawon rai a ƙasar nan bai kai shekara 40 ba, yau ya kai wajen 60. Tsofaffi na ƙaruwa, masu riƙonsu kuwa suna Kano, Agadez ko Libiya wajen ci-rani. Fansho na wanda ya yi aikin albashi ne. Manomi, dillaliya da mai tuyar ƙosai, ranar da ƙarfi ya ƙare, shi ke nan.

Abin da ya fi ci mini rai maganar gona ce. Akwai wata gwaggo da mijinta ya rasu, aka raba gado ba a ko kira ta ba, alhali shari'a ta ba ta kashi ɗaya cikin takwas. Da muka je, mun same ta a zaure tana ɓarar gyaɗar wasu don a biya ta, yatsunta duk sun tsage. Na ce, "Gwaggo, me ya hana ki magana?" Ta ce, "Ɗana, da wane baki zan kai ƴaƴan mijina ƙara?" Kunya ce ke kashe su, ba rashin gaskiya ba. Muka samu liman da mai unguwa, aka zauna, aka fitar mata da rabonta. Muka dage sai an rubuta a wajen hukumar filaye, domin dokar karkara ta 1993 ta tanadi haka, kuma ka san yadda ƙasar noma ta yi tsada a jihar nan. Abin da ba a rubuta ba, gobe wani zai musa.

Sauran aikin duk na takarda ne. Da yawansu ba su da takardar haihuwa, balle katin ɗan ƙasa.

Tun 2006 yara ƴan ƙasa da shekara 5 ke da magani kyauta a doka. Ni ina ganin tsoho mai hawan jini ko ciwon suga ya cancanci irin wannan kulawa. Tarayyar Afirka ma ta amince da yarjejeniyar kare haƙƙin tsofaffi a 2016 a Adis Ababa, amma wa ya karanta wa gwaggo? Don haka muke shirin ranar 1 ga Oktoba mai zuwa, ranar tsofaffi ta duniya, mu nemi fili a rediyo su da kansu su yi magana, mu kuwa mu koma gefe.

Ga roƙona. Ka bincika mana yadda masu aikin sa kai na can suke tsara ziyarar gida-gida, ka aiko mini ta WhatsApp. Sannan ka kira Baba. Na je gaishe shi ranar Juma'a, lafiyarsa lau, kuɗin da kake aikowa na isowa, amma muryarka yake tambaya.

Ka gaida maiɗakinka da yara. Mutanen fada duk suna gaishe ka.

Naka amini,
daga Maradi