Lauyoyin masu taɓin hankali na buƙatar likitoci a bayansu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ɗan ba ni fili a jaridarka mai albarka in yi tsokaci kan masu taɓin hankalin da suka faɗa hannun hukuma, da masu fafutukar kare haƙƙinsu.

Na taɓa zama a kotu ina kallon wani matashi da aka gurfanar. Ana karanto masa tuhuma, shi kuwa sai tsinkar zaren rigarsa yake yi yana murmushi shi kaɗai. Lauyan da ya tsaya masa kyauta ya san yaron ba shi da lafiya, amma da me zai gamsar da alƙali? Babu rahoton asibiti, babu likitan da zai ba da shaida. Aka ɗage shari'ar, aka mayar da shi gidan yari.

Alhali ƙa'idojin kula da fursunoni da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015, waɗanda aka sa wa sunan Nelson Mandela, sun fayyace komai. Ƙa'ida ta 109 ta ce mai matsanancin taɓin hankali, wanda zaman kurkuku zai ƙara wa ciwo, asibiti ya kamata a mayar da shi. To, wa zai tabbatar da ciwon in ba likitan ƙwaƙwalwa ba? Lauya doka ya karanta.

Roƙona ga ƙungiyoyin likitocin ƙwaƙwalwa da jami'o'i shi ne su ware 'yan sa'o'i duk wata, su duba waɗanda ake tsare da su, su rubuta rahoto cikin harshen da alƙali zai gane. Su kuma koya wa lauyoyi da 'yan sanda alamomin ciwon, tun daga ranar kamu.

Na gode.

Naka,
Wani mai karatu