Kira Ga Malaman Fiziks Kafin Jarrabawar WAEC

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana malaman Fiziks na sakandare, musamman mu da ke cikin ƙungiyar malaman kimiyya ta ƙasa, STAN, wadda aka kafa tun 1957.

Babban taronmu na shekara yana zuwa ne a watan Agusta, lokacin da jarrabawar WAEC ta riga ta wuce. Ina ganin ya kamata mu malaman Fiziks na kowace jiha mu tsara wani ƙaramin zama tun a watan Maris, mu zauna kan gwajin aiki da hannu kaɗai.

Bara, a makarantar da nake koyarwa, ɗalibai sama da 60 ne suka yi gwajin lilo, wato auna lokacin da ɗan nauyi da aka rataye da zare ke ɗauka yana kai-komo, da agogon awo guda uku kacal. Yaro na ƙirga lilo 20, wani na tsaye yana jiran agogo, har lokaci ya ƙure. Daga baya na ji cewa wata makaranta da ba ta fi tafiyar acaɓa ba tana da guda goma a kabad, ƙura ta rufe su. Abin ya ba ni takaici ƙwarai.

Da muna da rajistar kayan aikin kowace makaranta, da aro ya yi sauƙi. Kuɗin wata-wata da muke haɗawa ma zai iya sayen batura da wayoyin lantarki, maimakon ya ƙare a lemo da biskit.

Na gode.

Wani malamin Fiziks,
Zariya