Wasiƙa ga ɗana mai shirin sa jan hanci

Ɗana,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, kai da iyali. Bayan haka, saƙonka ya iso cewa an ɗauke ka a kwas ɗin barkwancin dandamali da ake yi wa gogaggun 'yan wasa, irin na masu wasan wautar nan da ke maƙala jan ƙwallo a hanci. Mahaifiyarka ta yi dariya har da hawaye, wai bayan shekarun da ka yi kana fitowa a jarumi, yanzu kuma wauta za ka je koyo. Ni dai na amince ka je, amma ka saurare ni.

Gogewar da kake taƙama da ita, ita za ta fara ba ka wahala. Ka saba da haddace magana, ka san inda za ka tsaya, in ka yi kuskure kuma ka iya rufe shi kafin kowa ya lura. A can, kuskuren ake nema. Jacques Lecoq, malamin wasan kwaikwayo ɗan Faransa wanda ya buɗe makarantarsa a Faris a 1956, ya taɓa sa ɗalibansa su yi da'ira, kowa ya fito ya ba sauran dariya. Suka yi ta tuntsure da murguɗe fuska, babu wanda ya ko murmusa. Sai da suka koma suka zauna jiki a sanyaye, kunya ta rufe su, sannan aka fashe da dariya. Daga nan ya gane cewa abin da ke ba mutane dariya shi ne raunin mutum idan ya bar shi a fili. Jan hancin ma ba ya ɓoye komai. Ya fi kowane abin rufe fuska ƙanƙanta, idonka da tsoronka duk a waje suke.

To, kai na san halinka tun kana ƙarami, ba ka son a ga gazawarka. Idan ka yi abin dariya aka yi tsit, kada ka ƙara ƙarfin murya, kada ka zaro wata tsohuwar dabara da ta taɓa fisshe ka. Ka tsaya, ka dubi 'yan kallo ido da ido, su ga ka san abin bai yi ba. Mai jan hanci da su yake wasa, ba ya yin kamar ba sa wurin.

Sai batun malami. Philippe Gaulier, wanda ya koyar a wurin Lecoq kafin ya kafa tasa makarantar a 1980, ya yi suna da 'yar gangarsa: da ya ga wasa ya gundure shi sai ya buga, ɗalibi ya sauka, shi kuma ya bi ɗalibin da baƙar magana cikin raha. Fitattun 'yan wasan Birtaniya Emma Thompson da Sacha Baron Cohen duk sun bi ta hannunsa. Malamai da yawa sun kwaikwayi zafin bakinsa ba su da basirarsa. Idan malaminka ya kushe wasanka, ka haɗiye, don haka ka je. Idan kuwa mutuncinka yake ci, ko ya matsa maka ka tona wani ciwon zuciyarka a gaban jama'a, kana da ikon ka ce a'a. Kai ma kada ka nemi dariya da nakasar wani ko talaucinsa, taka wautar ta ishe ka jari.

Za ka tarar da waɗanda ka girme wa a sana'a sun riga ka kama bakin zaren. Kada ka ji haushi, ka zauna ka kalle su da kyau.

Jikinka kuma ba na ɗan shekara ashirin ba ne. Faɗuwa da gangan koyonta ake yi, saboda haka ka motsa jiki sosai kafin kowane darasi, ka kuma gaya musu batun gwiwar nan taka tun ranar farko.

Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce lallai ka turo mata hotonka da hancin. Allah ya kai ka lafiya, ya yi maka albarka.

Mahaifinka