Albashi zai tsaya, katin asibiti zai mutu: da wanne za mu fara?

Assalamu alaikum Malam. Da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka na wannan fili. Mu wasu ma'aikatan jami'ar tarayya ne da ritaya ta ƙarato mana, wasunmu masu koyarwa, wasu a ofishin rajistara da sashen kuɗi. Dokar mun san ta. Abin da muke nema shi ne shawararka a wurare uku da doka ta bar wa mutum zaɓi.

Tun gyaran dokar jami'o'i na 2012, farfesa yana ajiye aiki a shekara 70, sauran ma'aikata a 65. Dukkanmu muna cikin tsarin fansho na adashi da aka kafa a 2004, aka sake dokarsa a 2014: ma'aikaci yana zuba kashi 8 cikin ɗari, gwamnati kashi 10, kuma lissafin a kan ainihin albashi ne da alawus na gida da na sufuri, ba a kan duk abin da yake shiga aljihu ba. Nan ne mutane da yawa suke ruɗin kansu, su ɗauka fansho zai kusanci abin da suke gani a ƙarshen wata. Abokan aikinmu na jami'o'in jihohi kuwa kowa da dokar jiharsa; Kano, alal misali, tana da nata asusun amintattu na fansho.

Damuwa ta farko ita ce tazarar da ke tsakanin albashin ƙarshe da fanshon farko. Wanda ya fara aiki kafin Yulin 2004 kuɗinsa kashi biyu ne: abin da ya taru a asusunsa na ajiyar fansho, wato RSA, da haƙƙin shekarun da ya yi a tsohon tsari, wanda gwamnatin tarayya ce za ta zuba. Kafin a lissafa wannan haƙƙi sai mutum ya yi tantancewar hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, a shekarar da ta gabaci ritayarsa, da takardar ɗaukar aiki ta farko, da ta haihuwa ko rantsuwar shekaru, da takardun ƙarin girma, da shaidar matakin albashin da yake kai a ranar 30 ga Yunin 2004. Abin da ya fi maƙale fayil ƙanana ne: ranar haihuwa a NIN ta saɓa da ta fayil ɗin aiki, ko Muhammad a wata takarda ya zama Mohammed a wata, ko mutum yana da lambar RSA biyu don ya yi rajista sau biyu a farkon tsarin, ko akwai watannin da aka cire kuɗi daga albashi amma ba su bayyana a bayanin asusu ba. Kowanne yana gyaruwa cikin sauƙi muddin mutum yana ofis, ana gaisawa da shi. Bayan ya fita, sai yawon bin takarda. To Malam, ajiyar wata nawa ya kamata magidanci ya tanada don wannan tazara, kuma a ina zai ajiye ta yadda tsadar kaya ba za ta cinye ta ba, 'yan uwa ma ba za su ranta ba?

Ta biyu ita ce ta fi raba kanmu. Bayan an ba mutum kuɗin dunƙule, wato kason da ake ba shi a lokaci ɗaya idan ya yi ritaya, ragowar hanya biyu ce. Ko ya bar shi a kamfanin fanshonsa ana juya shi ana biyansa wata-wata, ko ya miƙa wa kamfanin inshora ya riƙa biyansa har ƙarshen rayuwa. A ta farko kuɗin nasa ne, idan ya rasu abin da ya rage na magada ne, amma idan Allah Ya ba shi tsawon rai asusun yana iya yin ƙasa. A ta biyu biyan ba ya yankewa, sai dai garantin magada shekara 10 ne kawai. Wanda ya rasu bayan haka iyalinsa ba su da komai. Kuma ƙofar ɓangare ɗaya take buɗewa: ana iya tashi daga ta farko a koma inshora, amma ba a dawowa. Mu dai a ganinmu mai mata biyu da yara a makaranta ta farko ta fi masa, to amma wakilan inshora suna zuwa da lissafin da ya fi tsoka a wata, kuma mutum mai bashi ba ya ƙin jin haka. Ga kuma batun addini. A cikin asusun da kamfanonin fansho suke juya kuɗi akwai na shida, wanda ba a zuba kuɗinsa a harkar riba, kuma ɗan fansho ma yana iya zaɓarsa. Shin ya dace mutum ya koma can tun yana aiki, ko ya jira? Sauya kamfanin fansho sau ɗaya ake yarda a shekara, don haka ba ma son mu yi shi a makance, ko zuwa NUPEMCO ne, kamfanin fansho na ma'aikatan jami'o'i, ko barinsa.

Ta uku lafiya. Inshorar ma'aikata tana ɗaukar mutum da matarsa ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, yana biyan kashi 10 na kuɗin magani. Ranar da sunansa ya fita daga jerin albashi, wannan gata ya tafi, tare da inshorar rai ta ninki uku na albashin shekara, a daidai shekarun da hawan jini da ciwon suga da yanar ido suke sallama. Mun san hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, tana da shirin GIFSHIP da mutum zai biya da kansa duk shekara, kuma ya fi sauƙi idan an shiga a ƙungiyance. Akwai kuma hukumomin jihohi irin KSCHMA a Kano da KADCHMA a Kaduna. Wanne ya fi dacewa da mai shan magani kullum? Kuma wata nawa kafin ritaya ya kamata a yi rajista, tunda sabon kati ba ya fara aiki a ranar da aka biya?

Sauran ƙanana ne, amma a taɓa mana su a taƙaice: karɓo kashi 2.5 da aka riƙa cirewa na asusun gidaje a Bankin Bayar da Lamunin Gidaje na Tarayya, da lokacin da ya kamata a fara neman muhalli kafin a karɓe gidan jami'a. Sannan a ja hankalin masu saurare cewa sunan da aka rubuta a fom a matsayin makusanci ba shi ne magaji ba. Kamfanin fansho sai ya ga wasiyya tabbatacciya ko takardar kula da dukiyar mamaci daga kotu kafin ya saki kuɗi.

Idan fili ba zai ɗauki duka ba, muna roƙon a fara da batun zaɓi tsakanin kamfanin inshora da fanshon wata-wata, don wasunmu a wannan zangon karatu za su sa hannu.

Allah Ya ƙara basira. Wassalam.

Daga masu sauraronka, wasu ma'aikatan jami'a.