Tushen riƙon amana a aikin akanta a koyarwar Kirista

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili in ja hankalin 'yan'uwana masu riƙe littafin lissafi a kasuwar riɗi ta Gadarif da ke Sudan kan yadda malaman Kirista suka kafa aikin akanta a kan tsoron Allah. A wurinsu dukiya ta Allah ce, ɗan Adam wakili ne kawai, shi ya sa a littafinsu na Baibul, Romawa 14:12 ta ce kowa zai ba da lissafin kansa ga Allah, Karin Magana 11:1 kuma ta kira ma'aunin algus abin ƙyama.

Luca Pacioli, wanda ya wallafa bayanin tsarin rubuta kowane ciniki sau biyu a birnin Venis na Italiya a 1494, malamin coci ne ɗan ɗariƙar Faransiskan, kuma ya shawarci fatake su buɗe littafinsu da sunan Allah. Mu Musulmi muna da ayar bashi a Suratul Baƙara, amma da yawanmu har yanzu da baki muke ba da bashin buhuna, ba takarda, ba shaida. Ina roƙon shugabannin kasuwa su wajabta rubuta kowane bashi tun kafin kaka ta shigo.

Wassalam,
Mai karatunku, daga Gadarif, Sudan