A buɗe wa manya ajin dare a Damagaram

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in yi magana a kan ilimin manya, ta hanyar labarin wani dattijo maƙwabcinmu a unguwar Zango, ɗan kasuwa a Kasuwar Dole.

Ya sauke Alƙur'ani a makarantar allo, ya je Kano da Zariya neman ilimin littattafai, amma bai taɓa shiga lakwal ba. Da fatauci ya fara kai shi Tarabulus da Dubai, sai ya ga kullum wani yake miƙa wa takardun filin jirgi ya cike masa, abin da ya yi masa ciwo ƙwarai. Da furfurarsa ya shiga ajin yaƙi da jahilci, ya koyi rubutun boko da Faransanci, yana bita bayan sallar isha'i da littattafan jikokinsa. Da ya je Alƙahira, bai tsaya kasuwa kaɗai ba, ya zauna zaure a masallacin Azhar yana sauraren karatu. 'Ya'yansa mata kuwa duk ya sa su lakwal, ɗayarsu tana Jami'ar André Salifou a nan garin.

Irinsa suna da yawa a Birni da Zango, maza da mata, amma ba su da wurin zuwa bayan an tashi kasuwa. Garin da ya kasance babban birnin Nijar har 1926 bai kamata ya rasa wannan ba. Ina kira ga hukumomin ilimi na jiha da jami'ar su buɗe azuzuwan dare, da Hausa da ajami da Faransanci, a kuɗin da talaka zai iya biya.

Naku,
Wani mai karatu, Zango, Damagaram