Wasiƙa daga Boston kan yaron da ya tafi ɗaukar jaka

Boston, Amurka

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kai da iyali da su Hajiya kuna lafiya, kuma damina ta yi muku albarka. Saƙonka ya iso, na kuma ga inda ka tuhume ni da cewa na ƙetare teku da ɗanka don kawai in sa shi dako. Tunda kai ma uba ne a gare shi, ya wajaba in yi maka bayani dalla-dalla.

Wurin da ya tafi sansani ne na kulob ɗin golf na Sankaty Head, a gabashin tsibirin Nantucket da ke jihar Masachusets, wanda ake shiga da jirgin ruwa daga garin Hyannis. Tun shekarar 1930 aka kafa sansanin, a lokacin da manyan kulob-kulob na wannan yanki ke da irinsa, amma da motocin fili masu ɗaukar 'yan wasa da kayansu suka yawaita sai sauran suka rufe ɗaya bayan ɗaya, shi ya rage. Samari kimanin 60 ne ke zama a can daga ƙarshen Yuni zuwa Agusta, suna kwana a ɗakunan katako da ke tsakiyar filin wasan, ana tashinsu da sassafe, su gyara shimfiɗa, a duba tsabtar ɗaki, sannan kowa ya jira a haɗa shi da wanda zai bi.

Aikin kadi, wato mai ɗaukar wa ɗan wasan golf jakar sandunansa, ya wuce saɓa jaka a kafaɗa, ko da yake jakar ma ba wasa ba ce, domin zagaye guda ramuka 18 ne, tafiyar awa huɗu ko fiye a ƙasa, cikin iskar teku da hazon da aka san tsibirin da su. Dole yaro ya kafa wa ƙwallo ido tun daga bugu har inda ta faɗi cikin doguwar ciyawa, ya san nisan da ya rage zuwa rami, ya miƙa sandar da ta dace a goge, ya share sawun da aka bari a ramin yashi, ya riƙe tutar rami ba tare da inuwarsa ta faɗa kan hanyar ƙwallo ba. Abin da ya fi ba shi wuya, kamar yadda ya faɗa mini, shi ne yin shiru: mutum ya yi bugun banza ya fusata, kai kuwa ka haɗiye dariya ka miƙa masa wata sandar. Ka san bakin ɗanka, don haka ka san girman wannan jarrabawa.

Da muka kai masa ziyara na ga wuyansa ya yi baƙi da rana, takalminsa ya cinye ta gefe guda, amma ya tsaya gaban wani dattijo Bature yana nuna masa da yatsa yadda gangaren ciyawa zai karkatar da ƙwallo, dattijon kuma yana saurare. Daga abin da yake samu ake cire kuɗin ci da kwana, saura kuma nasa ne. Maganar salla da abinci mun gama ta tun kafin ya tafi: na ce ya riƙe lokutansa, ya tsaya kan kifi da ƙwai duk inda ya yi shakka.

Dalilina na gaskiya kuwa karatu ne. A ƙasar nan an daɗe da ɗaura wannan aiki da kuɗin jami'a. Francis Ouimet, wanda ya taso yana ɗaukar jaka a Brookline kusa da mu, ya ci babbar gasar golf ta US Open a 1913 yana ɗan shekara 20, kuma tun 1949 akwai asusun tallafin karatu mai sunansa ga yaran da suka yi hidima a filayen golf na jihar nan. A Shikago ma akwai tallafi mai sunan Chick Evans, wani tsohon kadi da ya zama zakaran golf; tallafin ya fara a 1930 da ɗalibai biyu a jami'ar Northwestern, yana biyan kuɗin makaranta da masauki ga kadin da ya cika sharuɗɗa. Ba na ruɗin kaina: masu kuɗi ne ke wasa, 'ya'yan wasu na bin su da kaya, kuma tallafin ba kowa ke samu ba. Sai dai an buɗe wa yaron ƙofa, an kuma rubuta sharuɗɗanta.

Wannan ne ya sa nake tunanin yaran da ke ɗaukar jaka a filin golf na Kano da na Kaduna, waɗanda suka san fili ciki da waje. Tunda kana hulɗa da wasu 'yan kulob, ka ji mini ta bakinsu ko za su yarda a ware wani abu daga kuɗin gasa don biyan kuɗin jarrabawar yaran, ni kuma in aiko maka da yadda ake tsara shi a nan.

Ɗanka zai dawo gida a ƙarshen Agusta in Allah ya so, zan sa ya kira ka da kansa. A gaishe mini da Hajiya da yara.

Naka har kullum,
Amininka na Boston